Sun Yanka Mai Baki Shida, Baba

Zuwa ga mahaifina, Baba Bitrus,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana hutawa lafiya a wurin da ka riga mu zuwa. Mama tana nan ƙalau, sai ƙafar nan da ke damunta idan an yi ruwa. Yaya Yakubu da iyalinsa duk suna lafiya. Ni ma lafiyata lau, idan jiki ake tambaya.

Bayan gaisuwa, Baba, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Na san ba a yi wa wanda ya tafi faɗa. Na kuma san mutanen da ke bin shafina za su karanta su ce Ishaku ba shi da kunya. Su ce. Wata goma sha ɗaya ke nan da muka kai ka gida muka binne, ban sami wanda zan zazzage wa cikina ya gane ba sai kai da ka jawo abin.

Ranar Talata aka yanka Mai Baki Shida.

Ka yi haƙuri in ɗan yi bayaninsa saboda masu leƙen wasiƙar nan, ko da yake da kana kusa da ka ce ina ɓata yawuna. Injin sassaƙa ƙarfe na yau da kullum baki ɗaya gare shi. Ya kama sandar ƙarfe guda ya juya ta, mutum ya tsaya a kai ya sassaƙa, ya huda, ya yanke, sannan ya koma farko. Naka kuwa sanda shida yake kamawa lokaci guda, a cikin wata babbar ganga mai juyawa. A baki na farko ana gyara fuskar ƙarfen, a na biyu ana hudawa, a na uku ana faɗaɗa ramin, a na huɗu ana rage kauri, a na biyar ana yin tiredi, wato zaren da noti ke ɗaurewa da shi, a na shida ana yankewa, duk a tare. Sai wuƙaƙen su ja da baya, gangar ta juya taki ɗaya ta kulle, kowace sanda ta matsa gaba, noti guda ya faɗo cikin tire da zafinsa.

Babu kwamfuta a jikinsa, babu allo. Shaf guda ɗaya ne, wani dogon ƙarfe mai juyawa a cikinsa, ke ba kowa umarni, ɗauke da faya-fayan ƙarfe masu tudu da kwari, waɗanda muke kira kam. Tudu ya zo, wuƙa ta shiga. Kwari ya zo, ta fita. A ƙarshen shaf ɗin akwai faifan lamba, daga sifili zuwa ɗari uku da sittin, da shi ake saita kowane kam a mazauninsa. Abu ɗaya ne ba ya yafewa: gangar ta juya alhali wuƙa tana cikin ƙarfe. Kai da bakinka kake cewa, "Gida ne mai mutum shida. Ɗaya ya yi latti, kowa ya kwana da yunwa."

Lokacin da masana'antarku ta Kakuri ta rufe aka yi gwanjon injuna, ba wanda ya taya shi. Kowa ya san ba ya jin maganar kowa sai taka. Ka kawo shi shagonmu na bayan kasuwa, sai da aka fasa bango kafin ya shiga. Da shi ka yi wa makanikan Kakuri noti da zoben ƙarfe da ake kira bush, ka yi wa masu injin markaɗe, daga baya ka yi wa masu keke mai ƙafa uku na unguwannin Barnawa da Television. Da shi ka kai ni har poli na karanta aikin injiniya.

To, a nan fushina ya fara. Duk hutun da na dawo, sai na tsaya a bayanka in tambaye ka yadda kake saita kam. Amsarka ɗaya ce: "Zuba mai, Injiniya." In na matsa, ka aike ni sayen goro. Ranar da za ka canza saiti kuwa, ranar ce kake tuna cewa Mama tana bukatar a kai ta asibiti, ko a je Gonin Gora a karɓo ƙarfe. Ina dawowa in tarar inji yana zuba noti, kai kana zaune kana goge hannu da tsumma kamar ba ka taɓa komai ba. Shekara nawa muka yi a haka, Baba? Na gama karatu, na yi aure, na haifi 'ya, har yanzu matsayina a shagonka mai zuba mai ne.

Na zaci halin tsofaffin masu sana'a ne, na riƙe abu ɗaya sai ƙarshe. Na ce ai wata rana za ka zaunar da ni. Sai ka faɗi a bakin shago da safiyar wata Asabar, kwana uku kana asibiti ba ka iya furta ko sunana ba.

Ga nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Watanni bayan an share makoki, na buɗe shago na dubi injin, duk ya yi baƙi da tsohon giris da ɓawon ƙarfe. Na ce bari in girmama ka. Na kwance kam ɗin gaba ɗaya na jera a kan buhu, na wanke da fetur, na goge da sanfefa, na sa aka fesa wa jikin injin koren fenti. A jikin faifan lamba da gefen kowane kam akwai wasu ɗige-ɗige na jan fenti, wasu sun dushe, wasu a kan wasu. Na ɗauka datti ne irin na wanda ya saba goge buroshi a duk inda ya samu. Na goge su tas har ƙarfe ya yi ƙyalli, ina jin daɗi. Ai ina da littafin injin, na same shi a ƙasan akwatinka, da dukkan lambobin da masu ƙera shi suka rubuta. Me zan yi da ɗigon fenti?

Na mayar da komai bisa littafi, lamba bayan lamba. Aka kawo wuta, na danna. Bai yi zagaye ɗaya ba na ji ƙarar da har yanzu take cikin haƙorana. Gangar ta juya wuƙar baki na huɗu tana ciki. Wuƙar ta kare biyu, rabin ya tashi ya bugi kwanon rufi.

A wannan makon ne aka yi zaman iyali. Yaya Yakubu ya ce shagon yana zaune a banza, shi yana son ya zuba tayil da kayan famfo a ciki, kuma 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun zo sun ga injin. Ban ga laifinsa ba ƙwarai, yana da yara huɗu. Na tashi na yi ta magana, na ce ban yarda ba. Mama ce ta raba mu, ta ce a ba ni zuwa bayan Ista. Idan injin ya tashi, shago nawa ne in ci gaba da sana'arka. Idan bai tashi ba, a kira masu yanka.

Wata uku, Baba. Ban taɓa yin aiki irin na watannin nan ba, ko lokacin jarrabawa. Na zana da'ira a kwali na raba ta digiri-digiri. Na juya injin da hannu sau ba adadi, ina kallon lokacin da kowace wuƙa ke shiga da fita. Na ga gangar tana tashi da wuri, gabanin lambar da littafi ya ce. Sai na ce giya ce ta cinye, na buɗe, lafiyarta lau. Na ce hannun da ke tura gangar ne ya lanƙwashe, na cire na auna, miƙe yake. Na fara matsar da kam da ka, in gyara na huɗu, na biyu ya soma huda kafin sanda ta gama fitowa. In gyara na biyu, na shida ya yanke iska. Da na rikice sai in sake komawa lambobin littafi in fara daga farko. Na zargi giya, na zargi bel, na zargi wutar da ake kawowa rabi-rabi, har fentin da na fesa sai da na zarga. Faifan lamba kaɗai ban taɓa zargi ba. A makaranta ba a koya mana zargin abin awo ba, da shi ake zargin sauran.

Wuƙaƙen da ka wasa da hannunka, waɗanda ka naɗe a tsohuwar rigarka ta aiki, guda tara ne. Ɗaya bayan ɗaya na karya su. Kowace ta kare sai in ji kamar yatsanka na taka.

Mutanen layi ba su raga mini ba. Mai walda na kusa da mu, in ya ji ƙarar, sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, yau ma an yi haihuwa?" Makanikan da suka saba saye a wurinka suka daina tambaya, suka koma sayen na kwali da ke cinyewa cikin wata biyu. Matata ta daina tambayata yaya aiki, sai dai ta ajiye mini ruwan wanka kawai.

Da na ga Ista ta matso, na je Sabon Tasha wurin Oga Emeka. Ka san shi fiye da ni: abokinka tun kuna samari, wanda kuka yi aiki tare a kan wannan injin a masana'anta, kai da safe shi da yamma, kafin a sallame shi ya koma sayar da kayan gyaran mota. Shi ne wanda kowace Kirsimeti matarsa ke aiko mana da shinkafa da miyar ganye, mu mu aika musu da tuwon acca. Shi ya kama kusurwar akwatinka ta dama ranar jana'iza, duk da yanar da ta rufe masa ido.

Da farko ya ƙi. Ya ce, "Ɗana, injin nan ya ƙi ni tun kana goye." Ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinka ba. Shekarar da aka rage ma'aikata, aka ce mutum ɗaya za a bari a kan Mai Baki Shida. Shi ya saba saiti da littafi, bai taɓa kuskure ba. Kwatsam a watan nan, sau biyu yana saitawa wuƙa tana karewa, na biyun a gaban manaja. Kai ka zo ka saita, inji ya tashi lafiya. Ya ce bai yi gardama ba, ya tattara kayansa, don ya ga hannunsa ne ya mutu. Tun daga ranar bai ƙara taɓa injin sassaƙa ba.

Amma ya zo, Baba. Kwana huɗu a jere 'yarsa tana kawo shi a keke da safe, ta dawo ta ɗauke shi da la'asar. Tsoho mai shekara saba'in ya durƙusa a kan kwali, yana lalube da yatsu, ina karanta masa lamba yana cewa daidai ne, haka yake tunawa. Rana ta huɗu muka danna, wuƙa ta tara ta kare. Ya zauna ya ce, "Ka gani? Na ce maka kar ka kira ni. Na ɓata maka ta ƙarshe." Har haƙuri ya ba ni.

Ista ta wuce. Ban jira an tuna mini ba, ni da kaina na ce wa Yaya ya kira masu yankan.

Suka zo su biyar da tukunyar gas da babbar mota. Ba za a sake fasa bango ba, don haka a ciki za su yanka shi gunduwa-gunduwa. Na tsaya ina kallo, ban san me ya hana ni tafiya ba. Suka fara da akwatin giya. Suka raba gangar biyu, bakuna uku nan, uku can, man da ka zuba da wanda na zuba yana ci da wuta yana hayaƙi. Da suka zo kan shaf, na ce su dakata in cire faifan lamba in ajiye don tunawa. Babbansu ya ce in yi sauri.

Na kwance murfin, na zare faifan, sai ɗan ƙarfen da ke kulle shi a jikin shaf ya faɗo a tafin hannuna. Ki muke kiransa, bai kai rabin ɗan yatsa ba. Kowane ki a duniya miƙe yake, sama da ƙasa ɗaya. Wannan kuwa yana da mataki, rabinsa na sama ya goce gefe. Ba na kamfani ba ne. Da magagari aka yi shi, kuma na san wannan gogar, irin wadda kake karkatar da hannu a ƙarshe don kada baki ya yi kaifi.

Na auna a nan tsaye. Digiri goma sha ɗaya yake gusar da faifan. Ma'ana duk lambar da na karanta wata uku, duk wadda Oga Emeka ya ce daidai ne, ƙarya faifan yake yi mana. Littafi gaskiya ya faɗa, lissafina daidai yake, giya ba ta da laifi. Jajayen ɗigon da na goge su ne kaɗai ke nuna inda gaskiyar take. Ki miƙaƙƙe kuwa, da na sani, aikin minti goma ne.

Na ɗaga kai na ga suna ɗora rabin gangar a mota. Sai na zauna a ƙasa cikin baƙin mai, da wandon da nake zuwa coci da shi.

Na kai wa Mama ɗan ƙarfen na ajiye a cinyarta. Ta juya shi, ta juya, ta ce ita ba ta san ƙarfe ba. Amma ta ce ta tuna shekarar rage ma'aikata, Yaya yana fama da ciwon da ya kusa ɗauke shi, ni ina goye, shinkafa ta gagare mu. Ta ce wata Lahadi ba ka je sujada ba, ka zauna a bayan ɗaki da magagari tun safe. Da ta tambaye ka, ka ce, "Idan mutum ɗaya za su bari, ni za su bari." Ba ta ƙara tambaya ba, kuma ta ce in ma ta sani a lokacin, ba ta da tabbacin za ta hana ka.

Yanzu na gane "zuba mai, Injiniya". Ba rowar sani kake yi mini ba. Da ka koya mini saiti, da na tambaye ka me ya sa ɗigonka ya saɓa wa littafi, kuma ka san ni, ba zan bari ba sai na zare faifan. Kunya kake ji, Baba. Shekara talatin da ɗoriya kana cin shinkafar Kirsimeti ta gidan mutumin nan, kana aika ni Gonin Gora don kada ɗanka ya ga abin da ka yi. Bayan masana'anta ta rufe, me ya hana ka cire ɗan ƙarfen nan ka jefa a kogi? Wa zai sani? Ko kuwa hannunka ya saba da ƙaryar har ta zama ita ce saitin?

Ina jin haushinka har wuya. Ka sa na karya wuƙaƙenka tara, ka sa na zama abin dariya a layi, ka sa an yanka injin da babu abin da ya same shi. Amma in na tashi zaginka a zuciya sai in tuna cewa wannan ɗan ƙarfen ne ya sayi maganin Yaya, shi ya saya mini takalmin makaranta, shi ya biya karatun da na zo ina taƙama da shi a gabanka. Ni ma na ci. Yanzu da nake da 'ya, na tambayi kaina ko ni zan ɗauki magagarin, kuma ban ji daɗin yadda amsar ta yi jinkirin zuwa ba. Ina kewarka, Baba, da warin man da ke jikin rigarka, da yadda kake karkata kai kana sauraren inji kamar mai jin gulma.

Jiya na je Sabon Tasha wurin Oga Emeka. Na daɗe a bakin titi kafin in tsallaka. Mama ta ce in bar shi, tsoho ne, me zai ƙara masa. Na ce mutumin nan ya ba ni haƙuri a kan abin da bai yi ba, ba zan iya kwana da wannan ba.

Na same shi a kan benci a gaban shagonsa. Na gaishe shi, na kama hannunsa na sa masa ƙarfen a ciki, na ce daga bayan faifan lamba ya fito. Ya bi shi da babban yatsa, ya zo kan matakin ya tsaya. Ya koma ya sake bi. Na ga fuskarsa tana canzawa a hankali. Ya tambaye ni digiri nawa, na gaya masa. Wani ya zo sayen fulogi, bai ko dube shi ba, har mutumin ya gaji ya tafi.

Can ya ɗaga hannunsa na dama kusa da idon da ba ya gani sosai, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Chei, Bitrus. Ashe hannuna lafiyarsa lau."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa maka ba, don ba ni da bakin. Bai kuma mayar mini da ƙarfen ba, ya sa a aljihun gabansa ya maɓalle.

Ubangiji Allah, wanda ya san yunwar shekarar nan ya kuma san abin da aka yi a cikinta, ya yi maka jinƙai, ya gafarta maka abin da ka kasa faɗa. Ya sanyaya zuciyar Oga Emeka, ya saka masa shekarun da muka ci nasa. Ya cire mini wannan ɗacin, ya bar mini ƙaunarka. Ka huta lafiya, Baba. Amin.

Ni ne ɗanka,
Ishaku,
Kakuri, Kaduna.